Ranar da Na Kulle Kaina a Waje

Akwai abubuwa da yawa da na manta a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da ranar rabon taki ba. Lokacin ina kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoma mai ofis a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Ni na dame su sai da suka yarda muka ɗora babbar kwamfutar Sabuwa, wadda muke kira saba, a kan wani tsarin sarrafa kwamfuta mai suna Linux. Kyauta ne, ba ya kama ciwo da wuri, kuma (wannan ban faɗa musu ba) baƙin allonsa yana sa a ɗauke ni wani gwani.

Da saban nan ake tantance manomi kafin a ba shi buhunsa. Damina ta zauna, masara tana jiran taki, mutane sun yi layi a Sabuwa tun da safe. Ni kuwa ina Ƙanƙara, shugaban ƙungiya Alhaji Sule da dattawa sun kewaye ni, ina nuna musu yadda nake sarrafa injin daga nesa.

"To, ɓarayin intanet hwa?" in ji Alhaji.

Da na ce an tsare, da magana ta ƙare. Amma ina! Na gyara zama na ce yanzu zan gina wa saban katangar da ko aljani ba zai haura ba. Na rubuta umarnin da ke rufe duk wata ƙofar shiga, na danna maɓalli da ƙarfi don a ji ƙara. Ka'idar aikin ita ce ka fara barin taka ƙofar a buɗe. Na san wannan sarai, har koyar da shi nake yi.

Allon ya tsaya cak. Na ci gaba da danne-danne ina gyaɗa kai kamar komai daidai. Sai wayar Alhaji ta yi ƙara: daga Sabuwa ne, wai wani daga nesa ya toshe kwamfuta, rabo ya tsaya.

"Mi ya faru, Injiniya?"

"Alhaji, katangar ta yi kyau. Babu mai iya shiga."

"Har kai?"

"Har ni."

Gyaran ba ya yiwuwa sai a gaban injin. Muka shiga motar Alhaji, muka wuce Faskari, shi carbi kawai yake ja. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan tafiya ba.

A Sabuwa muka tarar da manoma zaune a gindin bishiya, hadari yana haɗowa, an riga an baza musu labarin cewa ɓarawon intanet ne ya yi aika-aikar. Wani dattijo ɗan siriri ya taso ya tare mu.

"Alhaji, halan an gano ɗan banzan da ya yi muna wanga aiki?"

Alhaji ya dube ni, ya dubi dattijon.

"An gano shi, Baba. Mun ma taho da shi."

Umarni mai layi ɗaya na rubuta a saban komai ya dawo, aka raba taki kafin ruwa ya sauko. Har yau Linux nake amfani da shi, don shi bai yi laifin komai ba, abin da na umarce shi ya yi. Darasin dai na ɗauka: in babba ya yi maka tambaya, ka ba shi amsa da baki, ka bar hannunka a aljihu.