Kallamu da Kajin da Aka Karyar

A ƙauyen Dokar Maje akwai wani mutum ana ce masa Kallamu. Ya haura shekara talatin, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukar ta. Yana zaune a gidan yayarsa Delu, can ƙarshen gari. Mijin Delu ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ba gona, ba shago, sai kajin ƙwai sittin a wani ɗaki na bayan gida. Da ƙwan kajin nan ake cefane, da shi yara ke zuwa makaranta.

A shekarar da murar tsuntsaye ta shiga manyan gidajen gona na birni, kaji suka yi ta mutuwa, ƙwai ya yi wuyar samu. Wata rana Delu ta dawo daga kasuwa tana haki, ta ce, “Kallamu, ƙwai ya tashi! Tun da nake ban taɓa ganin ya tashi haka ba.” Kallamu ya zaro ido, ya ce, “Har namu, Yaya?” Ta ce, “Har namu mana.” Ta shiga ɗaki ta ajiye mayafi. Shi kuwa ya ruga rumfa, ya tarar da kiret biyu na ƙwai suna nan ba su motsa ba. Ya yi hamdala, ya cicciɓo dutsen niƙa ya danne su. Delu ta fito ta ga ƙwaiduwa tana malala har bakin murhu. Kallamu ya share gumi, ya ce, “Na riga su, Yaya. Ko ɗaya bai tashi ba.” Ranar har karen maƙwabta sai da ya ƙoshi.

Wata rana kuma Delu za ta je barkar haihuwa, ta ce masa, “Ciwon nan yawo yake yi. Ka sa ido a kan kajin nan har in dawo.” Kallamu ya shiga ɗakin kaji, ya kama ta farko ya manna idonsa a bayanta, ya sake ta, ya kama ta biyu. Ya kai ta goma sha bakwai ke nan, wata ja mai faɗa ta waiwayo ta sakar masa sara a fatar ido. Da Delu ta dawo ta same shi ido ɗaya a kumbure, yana ta fama da ɗayan. Ya ce, “Saura arba'in da uku, Yaya. Amma waccan jar ba ta son a sa mata ido.” Delu ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, ta dafa ruwa ta gasa masa wurin.

Wata rana ta ɗaura masa kiret uku a bayan keke, ya kai wa Sallau mai shayi a bakin tasha. Ta faɗa masa kuɗin, ta ce, “Sallau ya iya ciniki, zai ce ka rage. Ko me zai ce maka, kada ka sauko.” Kallamu ya isa tasha, ya kama kewaya teburin shayi a kan keke yana faɗin farashi da ƙarfi. Sallau ya ce, “Kai Kallamu, sauko mu yi magana.” Ya ce, “Yaya ta hana!” Sallau ya taya, Kallamu ya ƙara kewayowa. Ga masu jiran wainar ƙwai sun cika benci suna kallo, ga kiret yana rawa duk lokacin da keke ya taka rami. Sallau ya bi shi da gudu zagaye biyu, ya gaji, ya cusa masa kuɗin cif a aljihu, ya sa direbobi suka riƙe keken aka kwance ƙwan. Sai da Kallamu ya shiga zauren gida sannan ya sa ƙafa a ƙasa.

Wata ranar Laraba wani dillali ya zo kasuwa da mota cike da kajin ƙwai, yana sayar da su rabin kuɗi. Gari ya ɗauka. Delu ta ga dama ta samu, ta kwance ɗan abin da ta tara ta miƙa wa Kallamu, ta ce, “Maza ka je. An ce dillalin ya karyar da wasu kaji. Waɗanda ya karyar ɗin za ka sayo mini, guda ashirin. In ba su ba, kada ka taɓa komai.” Kallamu ya je ya tsaya nesa da motar, hannu a baya, yana leƙen ƙafafun kaji. Ya ce, “Malam, ina waɗanda ka karyar?” Dillali ya ce, “Ai duka na karyar da su, zaɓi son ranka.” Kallamu ya sake dubawa, ya ce, “Ji tsoron Allah. Ga su nan suna gyangyaɗi dai, amma kowacce ƙafarta biyu lafiya lau. Ni karyayyu aka aiko ni.” Mutane suka yi ta dariya suna ture shi suna saye. Ya dawo gida hannu wofi. Delu ta yafa mayafi ta ruga kasuwa, ta tarar mota ta tafi. Ta dawo ta zauna a bakin ƙofa tana hawaye.

Kwana uku bayan haka kajin dillali suka fara faɗuwa, suka ja na gida suka tafi da su. Duk gidan da aka sayi ko guda ɗaya, ɗakin kaji ya koma wayam. Malaman dabbobi suka zo da farin kaya da abin feshi, suka bi gida gida. Da suka iso ƙarshen gari suka duba kajin Delu, suka same su garau, suna ta ƙyarƙyara. Daga ranar Dokar Maje da ƙauyukan kewaye ba inda ake samun ƙwai sai gidanta. Tun da safe layi ke kamawa a ƙofar zaure, kuma duk maƙwabciyar da ta yi asara Delu kan ƙara mata biyu a kwano.

Ran Juma'a bayan an sakko daga masallaci, mai unguwa ya tsayar da jama'a, ya kamo hannun Kallamu ya ɗaga, ya ce, “Duk mun yi masa dariya, ga shi mu ne a ƙasa. Kallamu, bana kai ka ciri tuta a garin nan.”

Kallamu ya durƙusa, ya ce, “Ranka ya daɗe, wallahi ba ni ba ne. Da safen nan na wuce ta firamare, tana nan a jikin sandarta.”