Yadda Za Ka Zagaya da Suruki Babban Cocin da Ba Ka Taɓa Shiga Ba

Kai da aka haifa a gindin babban cocin garinmu, ƙararrawarsa ke tashinka kullum, amma ƙafarka ba ta taɓa taka cikinsa ba, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka ji kunya ba. Maƙwabcina Clive Harbottle ya gwada su ranar da Desmond, uban saurayin 'yarsa, ya kawo ziyara, bayan Clive ya cika baki cewa ya san kowane dutse na ginin.

1. Shiga da isa.
'Yan gari suna da katin shiga kyauta. Clive bai sani ba, ya bi layin baƙi masu laima da kyamara, ya biya fam ashirin. Idan mai tikiti ta gane ka kamar yadda ta gane shi, ta ce, "A'a, Clive! Yau ɓatan hanya ka yi?" sai ka fashe da tari.

2. Kalli sama.
Goya hannu a baya, ɗaga kai, ka ce, "Hmm, aikin mutanen da." Wannan ya isa minti goma.

3. Kowane kabari a cocin na bishop ne, wato babban limami.
Matattu ba sa gardama. Da Desmond ya ce, "Ai Margaret aka rubuta," Clive ko gezau: "Shi yana ƙarƙashinta."

4. Kushe wani abu.
Masani ba ya yaba komai. Clive ya zaɓi furannin da ke gaban bagade, teburin ibada. "Ka ga waɗannan? Roba ce zalla. Wanda ya jera su ma ba shi da ido."

5. Kada ka waiwaya.
Clive ya waiwaya. Ga matarsa Gwen tsaye, almakashi a hannu, bokiti a gefen ƙafa. Shekara ashirin da biyu tana jera furannin nan duk Juma'a. Kullum sai ta faɗa masa inda za ta, kullum sai ya ce "to" daga bayan jarida. Wallahi na tausaya mata.

"Daga lambun gidanka na yanko su, Clive," in ji ta. "Taho, Desmond, in nuna maka hasumiya. Ƙyale baƙon nan ya ci kuɗin tikitinsa."

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, babu hannuna, babu ƙafata. Ni a coci na ce ba za ka ji kunya ba, ban ce a gida ba. Clive dai yanzu shi ke ɗaukar bokiti duk Juma'a, kuma a layin baƙi Gwen take barinsa.