Buhu Huɗu na Siminti a But

A damina ta biyu bayan na sayi tsohuwar motata, na rantse taɓon layinmu na Bagadaza ba zai sake riƙe ni ba. Na taɓa jin direbobin akori-kura suna cewa nauyi a baya ke sa taya ta kama ƙasa. Ban tambayi kowa ba, na loda mata buhu huɗu na siminti a but, ina jin kaina injiniya.

Ranar ɗaurin auren ɗan ƙanen surukina, ni na nace sai na kai surukin nawa, ga shi kuma shi ne wakilin ango. Da muka iso bakin taɓon ya ce, "Malam, ko mu zagaya?"

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, na yi mata shiri."

Muna shiga gabanta ya ɗaga, tayoyi suka yi ta juyawa a banza, baya ya nutse har ruwa ya cika but. Dattijon nan ya cire takalmi, ya tattare babbar riga, ya tafi a ƙafa. Kafin ya isa an shafa fatiha.

Washegari bakanikena ya leƙa ya ce, "Oga, ai motarka da gaba take ja." Simintin kuwa ya daskare, sai da guduma.

Surukina bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Har yau in na durƙusa gaishe shi, sai ya ce, "Yaya ginin motar? An kai linta?"