Kofin Kwamanda Pockley

Duk faɗin jihar Victoria babu wanda ya san halin yara kamar Mista Lindsay Pockley. Shi ya gaya mana da bakinsa, ranar da kwamiti ya naɗa shi shugaban sansanin hutun yara da ke bakin kogi. Ya zo da malafa mai faɗin faifai, da gajeren wando mai aljihu ko'ina, da gwiwoyi farare tas da ba su taɓa gaisawa da rana ba. Ya ce kada kowa ya kira shi Lindsay. Kwamanda za a ce. Mu ma'aikata muka amsa, a bayan ido kuma muna ce masa Sarkin Inuwa.

"Yaro littafi ne a buɗe," in ji shi. "Kallo ɗaya nake masa in karance shi har bango."

Saboda zurfin wannan karatu, bai ɓata lokacinsa wajen riƙe sunan kowa ba. Namiji "gwarzo", mace "gwarzuwa". Zafin Janairu, da yake can lokacin ne bazara, na dukan ƙasa, ƙudaje na bin ido, yara na cikin kogi da masu kula da su, shi kuwa yana ƙarƙashin itacen turare a kujerar naɗewa, yana gina musu hali daga nesa.

Akwai wata yarinya, Tahlia Brennock, mai tsoron ruwa kamar me. Ko gefen kogin ba ta yarda ta matsa. Kwamanda ya sa aka kawo ta gabansa.

"Gwarzuwa, tsoro ra'ayi ne kawai. Ki canza ra'ayi."

Ya sallame ta da murmushin likitan da ya gama tiyata. Marama, mai koyar da iyo, ita ta ci gaba da shiga ruwan da ita kullum, yau zuwa idon sawu, gobe zuwa gwiwa. Ana jibi a tashi, Tahlia ta haye kogin da kanta, ta fito tana kuka tana dariya, sansanin duka na ihu. Kwamanda bai gani ba. Yana ofis yana gwada jawabinsa a gaban madubi.

Ranar tashi iyaye suka cika fili, ana gasa naman sosej ana sawa a burodi. Misis Hargreave, shugabar kwamiti, wadda za ta yanke ko za a sake ba shi aikin baɗi, ta zauna a sahun gaba. Akwai kofin azurfa da ake ba yaron da ya fi kowa canzawa, kuma kowa ya san na wane ne. Tahlia har ta gyara gashinta. Marama ta matso za ta raɗa masa sunan, ya ɗaga mata hannu.

"Yarinya, ni za ki nuna wa 'ya'yana?"

Ya ratsa cikin yara yana dube-dube, ya kamo hannun wani yaro mai jan gashi da miyar tumatir a kumatu, ya hau da shi dandamali.

"Ku dubi wannan gwarzo. Ranar da ya zo, ko ido ba ya iya haɗawa da ni. Na zauna da shi. Na saurare shi. Akwai ranar da ya ce mini, Kwamanda, ba zan iya ba. Na ce masa, ɗana, za ka iya." Nan muryarsa ta karye, ya ciro hankici. "Yau ga shi tsaye kamar soja."

Ya danƙa masa kofin. Tafin bai yi nisa ba, don yaran duk sun tsaya suna kallon juna. Sai wata mata ta miƙe daga baya.

"Yi haƙuri, malam. Wannan Declan ne, ƙanen Tahlia. Ɗazu muka zo tare da shi ɗaukar yayarsa."

Da wani ne, da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Kwamanda ya gyara malafa.

"To kun gani. Safiya ɗaya kawai a hannuna."

Misis Hargreave ta tashi, ta karɓi kofin daga hannun Declan, wanda sai da aka yi kokawa kafin ya saki, ta kira Tahlia da cikakken sunanta. Wannan karon tafin har tsuntsaye ya kora daga bishiyoyi. Kwamanda na gefe yana gyaɗa kai, kamar dama haka ya tsara.

Lasifikar da ke kan dandamali tana a kunne lokacin da Declan ya ja rigar yayarsa.

"Tahlia, wai wane ne mutumin nan?"

Ta juya ta dube shi da kyau, tun daga malafa har gwiwa, da niyyar ba da amsa ta gaskiya.

"Ban sani ba fa. Kullum dai yana zaune. Ina jin mijin mai dafa abinci ne."

Ni ce mai dafa abincin. Shi ba a sake kiransa aiki ba, ni kuwa har yau ban gama yafe wa yarinyar ba.