Faretin da Na Yi wa 'Yan Gayya

Ba zan taɓa mantawa da inda nake tsaye ba lokacin da labarin ya same ni. Ina kan layi ne a ƙofar wani ofis a bariki, da fayil a hammata, ina jiran sa hannu na ƙarshe a takardar sallamata, bayan shekara ashirin da biyu ina sanye da kaki. Waya ta yi ƙara. Ilu ne, abokina tun muna yara. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Sai haƙuri. Yaya Sale lokaci ya yi. Yanzu muka dawo daga kai shi."

Na ce, "To." Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Na ci gaba da tsayuwa har aka kira ni, aka buga hatimi, na sara wa ofisan, na fita. Sai a cikin mota na samu bakin yin salati. Ranar sadakar uku na isa ƙauyenmu, wanda ke gefen kogi tsakanin Haɗeja da Kirikasamma.

Yaya Sale shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya raka ni tasha ranar da zan tafi soja. Ya bar matarsa Hajara, da 'ya'ya huɗu, da gonar shinkafa ɗaya a fadama. Abincin gidan na shekara a cikin wannan gona yake. Dama ban tsara abin da zan yi bayan ritaya ba, sai na ce to ga aiki ya same ni.

Zaman gida bai zo min da sauƙi ba. Ina gama cin tuwo kafin sauran su gama wanke hannu. In na fito tafiya, sai in waiga in ga na bar abokin tafiyata a baya da nisa. Gaisuwa kuwa, ina cewa "Ina kwana, lafiya lau," na wuce, in bar dattijo da sauran "ina gajiya" da "yaya ruwa" a bakinsa. Kowa Saja yake kirana, har limamin gari. (Ban hana ba. In faɗi gaskiya, daɗi nake ji.)

Wajen sati shida da rasuwar, shinkafa ta nuna, kogi kuma ya fara cika. Kullum da safe mutane kan je bakin jinga, wato tudun ƙasar da aka yi don tare ruwa daga gonaki, su duba inda ruwan ya kai, su dawo ba magana. Hajara tana takaba, ba ta fita. Ta kira ni daga bayan labulen ɗakinta.

"Saja, shinkafar nan ba za ta jira ba. Ka sayi goro ka kai wa Baba Maina, ka ce gonar Sale ta isa yanka. Shi ke nan, kada ka ƙara komai. Shi ya san yadda zai tara mutane."

Baba Maina abokin mahaifinmu ne, ya haura saba'in, kuma shi ake ji a harkar fadama. Babarbare ne, mu kuma asalinmu Fulani, don haka tun ina yaro ba ya ganina bai tsokane ni ba. Na kai goron kamar yadda aka ce. Amma "kada ka ƙara komai" ɗin nan ne ya gagare ni.

Na ce, "Baba, ranar Laraba nake so. Ƙarfe shida daidai kowa ya kasance a gona."

Ya jujjuya goron a hannunsa, ya dube ni. "Ƙarfe shida. Na agogonka ko na Allah?"

"Duk ɗaya ne, Baba."

"To, Allah ya kai mu."

Ni a wurina an karɓi umarni ke nan. Da muka fito Ilu ya ce, "Kai Saja, ba a sa wa gayya ƙarfe. Cewa ake bayan asuba, ko in rana ta ɗaga. Taimako fa aka zo yi maka." Na ce masa ai rashin tsari ne ya hana mu ci gaba a ƙasar nan. (Wannan jimla na daɗe ina faɗarta, ban san ranar da za ta kama ni tana tafe ba.)

Ranar Talata na auna gonar da taku, na kafa turaku na raba ta uku. Na rubuta sunayen mutane a takarda, rukuni na ɗaya, na biyu, na uku, kowane da shugabansa. Na goge tsohon takalmina na soja har yana sheƙi. Na ciro usur daga ƙasan akwati na rataya a ƙusa.

Laraba da asuba ban je masallaci ba, na yi sallata a ɗaki don kada gaishe-gaishe su cinye min lokaci. Waya kuma na kashe ta na bar ta a ƙarƙashin matashi, domin haka na saba in za a fita aiki. Shida saura kwata ina tsaye a kan kunyar gona, takarda a hannu, usur a wuya.

Shida ta yi. Ba kowa sai balbela.

Bakwai ta yi. Na zaga gonar sau biyu, na gyara turakun da ba su karkace ba.

Da takwas ta wuce, zuciyata ta fara kawo min abubuwa. Na tuna yadda Yaya ba ya fashin gayyar kowa, ko da zazzaɓi yake. Na ce wato da ya kwanta dama shi ke nan, an manta, 'ya'yansa su ci ƙasa. Na dubi zangarniyar shinkafar tana sunkuye, na tuna da hannunsa ya dasa ta, bai ga nunarta ba. Ban iya kuka ba, aikin da na yi bai koya min ba. Abin da ya koya min shi ne tsawa.

Wajen tara saura suka ɓullo ta gefen kogi, su kusan ashirin, suna tafe a hankali kamar masu dawowa daga kasuwa. Baba Maina yana gaba yana ɗingishi. Ban bari sun yi sallama ba. Na sa usur a baki na busa da duk ƙarfina, har balbelun suka tashi.

Suka tsaya cak.

Na ɗaga agogo sama. "Ƙarfe nawa na ce? Ina tambaya, ƙarfe nawa na ce?"

Ilu ya matso yana yi min alama da hannu. "Saja, tsaya ka ji..."

"Ilu, ban ba ka izinin magana ba!"

(Wallahi haka na ce. Ga mutumin da muka yi kiwon awaki tare.)

Na mayar da hannu baya, na shiga kai da kawowa a gabansu kamar na samu kurata. Na ce a inda na fito, wanda ya makara da minti biyar gawar abokinsa yake tararwa. Na ce alkawari ba wasa ba ne. Na ce Sale bai taɓa makara a gonar ɗayansu ba, kowa a nan ya ci guminsa, amma yau ga yadda aka saka wa marayunsa. Na ce in ba za su iya ba su faɗa min, ni kaɗai na isa. Na daɗe ina magana. Mutum ashirin, wasu sun haife ni, suna tsaye cikin rana, ba wanda ya ɗaga kai.

Da na tsaya shan iska, Baba Maina ya ce, "Ka gama, Saja?"

"Na gama."

"Madalla. Jama'a, mu kama, rana tana yi."

Suka ajiye abin da ke kafaɗunsu, suka zaro lauje daga ƙugu, suka shiga gona. Ba wanda ya kalli turakuna. Sai a lokacin na lura da abin da suka ajiye: shebur ne da fartanya da ragowar buhuna. Na dubi bayansu. Kowa a jiƙe yake har ƙirji, laka ta bushe a wuyan wasu. Ƙaurin Baba Maina yana jini, an ɗaure da tsumma. Ni da na shekara goma ina duba maɓallin rigar kurata daga nesa, na tsaya gaban mutum ashirin suna ɗigar ruwa ban gani ba.

Ilu ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba.

"In an ba ni izini," in ji shi.

Na gyaɗa masa kai.

"Jinga ce ta ɓalle ta wajen tsamiya. Wani masunci ya gani da asuba, ya zo ya faɗa a masallaci ana idar da salla. Da an bar ta zuwa hantsi, gonar nan ce farko, da yanzu a kwalekwale kake faretinka. Daga masallaci kowa can ya nufa. Na je ɗakinka ba ka nan, na kira waya a kashe. Baba ya ce a ƙyale ka, mai gayya ba ya rasa abin yi."

Na ce, "Me ya sa ba wanda ya katse ni?"

"Na gwada ai. Sauran kuma cewa za su yi ɗan'uwan mamaci ne, a bar shi ya fitar."

Ya zaro laujensa ya shige. Na tsaya ni kaɗai da takardar sunaye. A nan ne wani tunani ya zo min wanda har yau in ya zo sai na runtse ido. Waɗannan mutane su suka wanke Yaya, su suka haƙa kabarinsa, su suka sa shi a ciki, ina can kan layi da fayil. Ni ne na zo bayan kwana uku. Kuma ni ne na tsaya ina koya musu zuwa a kan lokaci. Kowannensu ya san haka sarai, ba wanda ya faɗa.

Na cusa usur a aljihu, na ɗauki lauje na shiga. Taku na uku takalmin ya nutse a laka ya ƙi fitowa. Na ja, ƙafa ta fito da safa kaɗai, na tafi da baya na zauna daɓas cikin ruwa. Sai muryar Baba Maina daga can gaba, ko juyowa bai yi ba:

"A ɗaga Bafillacen nan, kada gwamnati ta ce mun kashe mata soja."

Dariya ta ɓarke ko'ina. Wani ya ce rukuni na nawa ne zai ɗaga shi, wani ya ce a jira ya busa usur tukuna. Ni ma na yi dariyar, ina zaune a ruwa, kuma a cikinta ne hawayen da suka ƙi zuwa tun ranar waya suka samu hanya. Laka ta rufa min asiri, ko kuma mutanen ne suka rufa. Na cire ɗaya takalmin na jefa kan kunya, na yi yankan ranar ba takalmi. Baba Maina ya matso ya gyara min riƙon lauje sau biyu.

Kafin la'asar an gama, an ɗaure, an kwashe zuwa tudu. Bayan kwana huɗu ruwa ya haye jingar gaba ɗaya, ya shafe fadamar. Shinkafar Yaya tana rumbu.

Labari ya riga ni isa gida. Da na yi sallama, Hajara ta ce daga bayan labule, "Saja, a ba ni izini in yi maka sannu da aiki?" Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake toshe baki da mayafi. Rabon da a ji dariyarta a gidan tun Yaya yana da rai. Na ce a raina, in don wannan ne, kunyar ba ta tafi a banza ba.

Yanzu shekara biyu ke nan ina noma gonar. Ina zuwa masallaci da asuba, ina tsayawa a gama gaisuwa har ƙarshenta. In mutum ya makara, wandonsa nake fara dubawa kafin agogo.

Amma akwai Baba Maina. Sau uku ina zuwa zaurensa da niyyar ba shi haƙuri. Na farko, ina cewa "Baba, game da ranar nan," ya ce in miƙo masa buta. Na biyu ya tambaye ni ko gaskiya ne sojoji ba sa cire takalmi in za su kwanta. Na uku ya dube ni ya ce, "Sale ma haka yake da zafi yana yaro, kai ba ka sani ba ne," ya shiga ba ni labarin Yaya da ban taɓa ji ba, har aka kira magariba. Ƙafar nan tasa ba ta koma daidai ba, yanzu da sanda yake zuwa bakin jinga. Kullum in na gan shi sai in ce gobe zan je in faɗa, ko ya saurara ko kada ya saurara.

Har yau ban ba shi haƙurin ba.