Kashin Ƙudan da Ya Cinye Mani Garanti

Da na ci jarrabawar bak, kawuna ya sayo mani ekaran ɗin ordinatar, wato allon kwamfuta, sabo dal a wani butik na Konni, har da takardar garanti. Ni ko sai hura hanci nike, don duk garinmu Tsarnawa ni aka kawo ma waya in ta rikice.

Kwana ukku sai ga wani baƙin ɗigo tsakiyar ekaran. Ƙanwata Rabi ta ce, "Yaya, ka maida masu mana."

Na ce, "Ke mi kinka sani? Kashin ƙuda na."

Na goge da tsumma, yana nan. Na sa miyau, yana nan. Sai na ɗauko reza, na kankare a natse kamar likita. Ɗigon bai gusa ba, sai dai ya samu doguwar wutsiya.

Na hau kabu-kabu har Konni, ina kaɗa takarda. Mai butik ya duba ya ce, "Samari, wanga ɗigo ido guda na cikin idanun ekaran, ya mutu tun kamfani. Da ka kawo shi hakanan, da yau na canza maka. Wanga zane hwa, wa ya yi shi?"

Na ce ƙuda.

Ya ce, "To, ƙudan ya cinye garanti."

Da wannan ekaran nike karatu har yau, wallahi raina na ƙuna. Kuma ko ƙuda ya sauka bisa tuwo, sai Rabi ta ce, "Kar a kore shi, a kira Dokta da rezarshi."