Yadda Ake Ɓoye Wurin Laimar Kwaɗi a Lokacin Farautar Barewa

Bi matakan nan biyar, ni kuwa na ɗaukar maka alkawari za ka shiga daji ana tsakiyar farautar barewa, ka fito da kwando cike da laimar kwaɗi ta miya, jikinka ba huji, asirinka a rufe. A wajen Vendelin na ƙauyenmu na koye su. Shekara talatin da ɗaya yana ɓoye wani lungu da mahaifinsa ya nuna masa, inda laima ke fitowa kamar faranti. Da ita yake miyar Kirsimeti, da ita yake cika wa mutane baki a ƙofar coci.

1. Karɓi rigar, ban da gardama

Matarka za ta miƙo maka riga mai ruwan lemo, irin wadda ake hangowa tun daga hasumiyar coci. Saka kawai. Zlatica, matar Vendelin, da hannunta take ɓalla masa maɓallan.

"Haba Zlatica, ai duk gari sai ya biyo ni."

"Gara su biyo ka da ƙafa da a ce sun ɗauko min kai a kafaɗa."

2. Yi waƙa

Barewa ba ta waƙa, kowane maharbi ya san haka. Sai dai maƙwabta ma suna da kunne, balle tsohuwa Kveta da tagarta ke kallon hanyar daji. Saboda haka ka daddage ka rera ka nufi gabas, can ka ja bakinka ka lallaɓa yamma.

3. Faɗa wa wani inda za ka

Masana sun ce dole ne. Ba su dai ce sai ka faɗi gaskiya ba. Vendelin ya ce wa matarsa gabas za shi. Ita kuwa baiwar Allah, yana fita ta buga wa ƙanenta Imro, shugaban maharba, waya: "Mijina yana gabas, ku kwashi bindigoginku ku yi yamma." Suka yi yamma.

4. Da ka kusa, tuɓe rigar

Cusa ta ƙasan kwando. Tsohon kwat ɗinka mai ruwan ƙasa ya fi rufa asiri. Duƙa ka yi rarrafe cikin ganye, ka bar farin hankici yana leƙe daga aljihun baya. Barewar dajinmu ma fari gare ta a baya, amma wannan ba matsalarka ba ce, ta maharbi ce.

5. Ka tabbata wani ya riga ka zuwa

Nan ne gwaninta take. Imro yana kan ɗan dandamalin maharba a saman bishiya, ya hango abu mai ƙafa huɗu da farin baya yana kiwo. Ya ɗaga bindiga, ya runtse ido ɗaya. Sai murya ta fito daga bayan kututture:

"Imro, sauke abin nan. Wace barewa ka taɓa gani da kwando? Ɗuwawun mijin yayarka ne."

Kveta ce, da ɗankwali mai ruwan lemo, kwandonta ya cika har ya yi tozo. Imro ya sauke bindigar, ya sauko. Vendelin ya zauna daɓas a ƙasa. Bindigar ko kallonta bai yi ba, kwandon ya zuba wa ido.

"Inna Kveta, waƙata kika biyo?"

"Wannan kukan naka? Ɗana, mahaifinka ne ya nuna min wurin nan tun yana nemana da aure. Ƙananan nake bar maka saboda tausayi."

Ya yi hawaye ranar. Zlatica ta ɗauka na godiyar tsira da rai ne, har ta rungume shi. Kada wanda ya gyara mata.

A kula: wanda duk ya bi matakan nan ya dawo da harsashi a mazauni, kada ya zo ƙofata. Ni ban san ka ba, dajin ma ban san hanyarsa ba. Laimar da ke shanye a tagata kuwa, daga gabas na samo ta.